Takalmi Wari Ɗaya

Alhamis, 8 ga Safar, 1310

Bismillahi. Na tsinci ragowar takardun mijina marigayi Malam a ƙasan adudu, gara ta ci gefe ta bar mini tsakiya. Karatuna bai wuce izu biyar ba, malaminmu ya ce bakina ya fi haddata gudu. Amma ina iya haɗa baƙi, kuma in na yi kuskure takarda ba za ta kai ƙarata ba.

Akwai maganar da ban iya faɗa wa kowa, ni kuwa magana in ta kwana mini a ciki kumburi take sa ni.

Jikana Barau. Bara, kwana bakwai bayan Mauludi, aka yi langar da aka saba tsakanin samarinmu na Tsaskiya da na Babban Duhu, a fadamar da ke tsakaninmu. Barau ne ruwa, wato shi 'yan uwansa ke karewa, kowa riƙe da ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, har ya kai ga turmin da aka kife ya taɓa, a ce ya sha. Saura tsalle uku. Babu wanda ya taɓa shi. Ƙafar ta zame a ciyawa, ya zauna daɓas, ya tafi da gindi suuu har ya wuce turmin yana kallonsa.

Tun ranar sunansa Santsi. Yara, 'yan mata, har liman sau ɗaya bakinsa ya suɓuce.

Kowa na zaton mutanen Babban Duhu ne suka laƙaba masa. Ni ce. Ni Saude, kakarsa. Washegari a bakin rijiya na ɗaura zane na kwaikwayi faɗuwar, mata suna riƙe ciki, na ce ai daga yau angon nawa Santsi ne. Asta mai nono tana wurin. Kafin azahar ta kai sunan Babban Duhu tare da nononta.

To, na faɗa. Takarda, ki riƙe bakinki, ki fi ni.

Asabar, 10 ga Safar

Barau ya dawo daga gona da tumu.

"Amarya, ga naki. Ki ci a hankali kada sauran haƙoran su bi shi."

Na ce haƙorana huɗu sun fi nasa talatin aiki. Muka gasa, muna murzawa muna ci. Na ce, maigida, saura wata guda da 'yan kwanaki fa, yaushe za a fara gwaji?

"Bana ba ni yi. Su nemi wani ruwan."

Da dariya ya faɗa, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Wai ran kasuwar Ruma wani mutum da bai taɓa gani ba ya tare shi, ya ce kai ne Santsin Tsaskiya? Har Ruma! Yaron da tun yana rarrafe yake ɗaga ƙafa ɗaya. Duk ƙasar nan babu mai tsallensa.

Na ce mutane ba su da kirki. Ya dube ni ya ce, "Wallahi kuwa, Kaka."

Na ajiye sauran tumun.

Lahadi, 11 ga Safar

Ni na ɗora sunan, ni zan sauke shi. Yadda za a yi ne ban sani ba tukuna.

Talata, 13 ga Safar

Na ce wa Turai, uwar Barau, za ni tsinkar tafasa. Na bi ta fadama tun rana ba ta yi zafi ba, daidai lokacin da ake langar.

Na tsuguna na duba wurin kamar mai neman allura. Kiri-kiri ne ya shimfiɗe ko'ina, shanun Fulani sun aske shi ƙasa-ƙasa, raɓa ta kwanta a kai sai ƙyalli. Na goga tafin ƙafata, sai ka ce an shafa man shanu. Na koma gefen da rana ta fara bugawa, nan ƙafa tana ɗan kamawa. Wurin turmin kuwa inuwar kanya ce ke rufe shi har hantsi, shi ya sa raɓar can ba ta bushewa. Ashe ba laifin yaron ba ne, laifin kanya ne. Da na sani da ita na yi wa suna.

Ina tsugune wata akuya ta zo da gudu, kare na bin ta. Ta yi kwana a kan ciyawar nan ko gezau. Na bi sawunta da kallo: kofato ya ɗan nutsa, ya ciji ƙasa.

Mutum ba ya da kofato. Amma matar baduku ce ni shekara talatin da wani abu.

Na dawo ba tafasa. Turai ta dubi ƙwaryar ta dube ni. Na ce tafasar bana ba ta da kunya, duk ta tsufa.

Alhamis, 15 ga Safar

Na buɗe jakar aikin Malam. Wuƙa, basilla, jijiya, da wani guntun ƙirgi mai kauri da ya ɓoye wa kansa bai kai ga amfani da shi ba. Warin jakar ya tuna mini da shi. Allah ya jiƙansa, da yana nan da ya ce, Saude, me kuma kika ƙulla?

Na auna sawun Barau a taɓon bakin randa, inda ya taka da safe. Ƙafar dama, da ita yake tsalle. Daɗin langa ke nan, takalmi wari ɗaya ya isa.

Turai ta leƙo. "Inna, na wa ne?"

"Na wani mai ƙafa ɗaya."

"A garin nan?"

"Baƙo ne, yana hanya."

Ta tafi tana girgiza kai. Yarinyar kirki ce, sai dai Allah bai ba ta dariya da yawa ba.

Juma'a, 16 ga Safar

Kada kowa ya ji wannan.

Na ɗinke shi, da igiya biyu masu zagaya idon sawu. Da sassafe na zaga bayan gida inda ciyawa take, na ɗaura, na dafa rumbu, na kama ƙafar hagu ta baya. Na ce tsalle ɗaya kawai.

Ban san lokacin da sama ta koma gabana ba. Ƙafa a sama, zane a ka, kaji suka watse. Zakaran Turai ya tsaya a kaina yana kallo da ido ɗaya kamar zai ba da shaida.

Ƙirgi mai sumul ya fi tafin ƙafa santsi sau goma. Na gane. Ƙuguna ma ya gane.

Turai ta ce me ya sami tafiyata. Na ce sanyin damina.

Litinin, 19 ga Safar

Na je maƙera wurin Sammani. Tare muka yi ƙuruciya, tun yana mai majina, yanzu gemu ya yi fari amma bakin yana nan.

"Saude uwar labari! Yau wa aka kashe?"

Na ce kai ne na gaba in ba ka yi mini aiki ba. Na nuna masa takalmin, na ce haƙora nake so a ƙasansa. Ya juya shi, ya nemi ɗan'uwansa a cikin zanena, ya ce ko ɗayan na sayar na sayi goro? Da na yi masa bayani sai ya ajiye guduma. Shi ma yana wurin bara, ya ce har yau in ya tuna sai ya ji kunya kamar shi ya faɗi.

Ya ce guda nawa? Na ce cika shi. Ya ce tsawon me? Na nuna masa gaɓar ɗan yatsana.

"Wannan ai ba takalmi ba ne, Saude, garma ce."

Na ce ni dai kada ya zame. Ko ƙasa za ta tsage, kada ya zame.

Ya ƙera guda tara, masu kai kamar ƙusa. Muka huda ƙirgin muka dasa su, biyar gaba, huɗu a dunduniya, na liƙa wata fata a sama don kada su ci masa ƙafa. Da aka gama ya ɗaga shi sama ya ce in Barau bai so ba, a ba shi ya riƙa tsefe gemu.

Laraba, 21 ga Safar

Na ba Barau takalmin.

Ya yi dariya har ya kwanta a tabarma. "Amarya, lefen da kika yi mini ke nan? Wari ɗaya? Sauran sai baɗi?"

Na ce miji irinka ko wannan ya yi yawa. Tashi mu je bayan gida.

Ya ɗaura don ya faranta mini. Tsalle ɗaya, biyu. Sai na ga fuskarsa ta sake. Ya zagaya rumbu sau uku, ya tsaya cak a kan ciyawa mai laima kamar an dasa shi. Ya sake tashi, ya sake tsayawa. Ya sunkuya yana duban ƙasan takalmin ya daɗe.

"Kaka."

In ya ce Kaka bai ce amarya ba, maganar gaske ce.

"Gobe zan gaya wa su Gambo su fara taruwa."

Na shiga ɗaki na yi rawa ni kaɗai, da ƙugun nawa da komai.

Asabar, 24 ga Safar

An fara gwaji a fadama. Gambo, babban mai tare masa, ya ce yanzu ture Barau kamar ture kuka ne. Na ce a gaya wa Babban Duhu su tanadi wurin zama mai taushi.

Ina jin kaina yau. Har tuwo na ƙara.

Talata, 27 ga Safar

Innalillahi.

A kafaɗa suka kawo shi, Gambo da wani. Gwiwar dama ta kumbura kamar ƙaramin tulu. Bai yi kuka ba, amma leɓensa ya yi fari.

Gambo ya ce suna gwaji ne, shi ya zo ta gefe ya bangaje shi da kafaɗa, bangaza irin ta kullum. Jikin Barau ya juya. Ƙafar ba ta juya ba. Haƙoran sun shige ƙarƙashin jijiyoyin kiri-kiri, masu rarrafen nan kamar zaren saƙa, suka riƙe. Sai da suka yanke igiyar kafin suka ciro ƙafarsa, takalmin na can a kafe.

Turai ta miƙe ta shiga madafa. Ta ɗora ruwan zafi, ta wuce ni sau uku kamar ni ce turmi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Uban Barau yana can fatauci, sai bayan kaka. Dawa na nan tsaye tana jiran mai yanka. Mai yankan ga shi kwance.

Na so in cire masa Santsi. Kada dai in musanya masa da Gurgu.

Laraba, 28 ga Safar

Malam Armaya'u maɗori ya zo tun da safe. Ya yi addu'a, ya lallatsa, ya lanƙwasa, ya miƙar, Barau na cizon hannun riga. Ya ce alhamdulillahi ƙashi lafiya, ba gocewa, jijiya ce ta ja. Ya shafa man kaɗanya da wani gari, ya ɗaure da tsumma. Kwana goma ba taka ƙasa da ƙarfi.

Gambo ya ciro takalmin daga fadama, da guntun ciyawa a haƙoransa. Malam ya karɓa ya duba.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce wani baƙo ne mai ƙafa ɗaya. Turai ta ce, "Inna."

Malam bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce, "Iya, ɗinki ya yi kyau. Amma ƙafa abu biyu take nema a wurin ƙasa. In ta dira, a riƙe ta. In jiki ya juya, a sake ta ta bi shi. Naki ya iya riƙewa, bai iya sakewa ba. Bara da ya zame, me ya ji ciwo?"

Barau daga kwance ya ce, "Gindi, Malam."

"To shekarata arba'in ina ɗori, ba a taɓa kawo mini gindi ba. Gwiwa da idon sawu kuwa kullum."

Turai ce ta fara dariya. Turai! Ta rufe baki da gefen zane ta gudu madafa.

Na raka Malam ƙofar gida na ce, Barau zai yi langa bana? Ya ce ranar da na ga ya zauna zaman tahiya bai ɓata fuska ba, in zo mu yi magana.

Juma'a, 1 ga Rabi'ul Awwal

An ga wata. Kumburi ya ragu kaɗan. Ban je rijiya ba kwana uku, an aiko ko lafiya. Lafiya lau, bakin ne ke hutu.

Litinin, 4 ga Rabi'ul Awwal

Turai ta tafi kai gaisuwar haihuwa, daga ni sai shi a tsakar gida. Ina gasa masa gwiwa da tsumma mai ɗumi. Na yi ta juya maganar a baki. Na fara da kanya, na bi ta raɓa, na zagaya ta akuya. Ya ce, amarya, yau labarin ba ya da kai.

Na ce, Barau, sunan nan.

"Wanne?"

Na ce ka sani. Ba mutanen Babban Duhu ba ne.

Ya ɗaga kai ya dube ni, sai ya fashe da dariya har gwiwar ta motsa ya ce wash.

"Kaka, tun ranar na sani. Ina bayan dangar su Gambo ina jin ki. Har faɗuwar kika yi sau biyu, ta biyun ta fi kyau."

Shekara guda! Shekara guda yana kawo mini tumu da ɗanyar gyaɗa yana kirana amarya. Na ce don me ba ka faɗa ba?

"In ce me? Duk garin nan wa ya tsira daga bakinki? Na ɗauka mijinki zai tsira, shi ke nan."

Wannan ta shige ni. Na ce hayaƙin murhu ne ya shiga mini ido. Ya ce ai wutar ta daɗe da mutuwa.

Can ya ce, "Takalmin nan fa, kafin ya kama ni, ban taɓa jin daɗin tsalle irin haka ba. Ba a iya rage masa haƙora?"

Ɗan banza. Jinina ne.

Alhamis, 7 ga Rabi'ul Awwal

Na cire ƙarafan duka na mayar wa Sammani. Ya ce dama ya faɗa garma ce. Na ce ya ajiye su ya yi haƙoran bakinsa.

Ga abin da na yi. Na yanka siririyar fata, na jiƙa, na ƙulla ta dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar gurjiya, masu kai a mulmule, ba tsini. Guda biyar na ɗinka a gaba, inda yatsu ke dira. Dunduniya na bar ta fayau.

Wannan karon ban sa ƙafata ba, na yi hankali. Na ɗaure takalmin a gindin taɓarya na tafi fadama da safe. In na danna na tura gaba, ya kama. In na danna na murɗa, ya juya, ciyawa ta kwanta ta ba shi hanya. Da guda bakwai na fara, ya yi taurin kai wurin murɗawa, na cire biyu. Na gwada a rana, na gwada a inuwar kanya, na gwada inda shanu ba su kai ba ciyawar ta yi tsawo. A mai tsawon yana ɗan sarƙewa, sai a gaya masa ya guji gefen gabas.

Wani Bafillace ya tsaya da sandarsa a wuya yana kallona ina daka ciyawa da taɓarya mai takalmi. Ya ce, "Inna, jam?" Na ce jam ƙalau, fura nake yi wa aljanu. Ya kaɗa shanunsa ya yi gaba da sauri.

Talata, 12 ga Rabi'ul Awwal

Mauludi. An yi karatu, an raba tuwo. Ni idona na kan gwiwa. Na laɓe a bakin zaure lokacin la'asar ina leƙen sallarsa, Allah ya yafe mini. Ya yi sujada, ya zauna, ya daɗe a zaune. Fuska sumul.

Ya sallame ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Na ci jarrabawar, amarya?"

Malam Armaya'u ya sake lallatsawa, ya duba sabon takalmin, ya murza shi a tafin hannunsa. Ya ce a ɗaure gwiwar da tsumma, kuma in ya ji ta yi magana ya saki ƙafa ya fita, ko ana saura taki ɗaya. Turai ta sa ya rantse.

Talata, 19 ga Rabi'ul Awwal

Don sauri baƙaƙen duk sun karkace. Bari in bi a hankali.

Fadama ta cika tun hantsi bai yi ba, mu ta yamma, su ta gabas. Na sami gindin kanya kusa da turmi, na shimfiɗa buzun marigayi Malam. Raɓa kuwa kamar an yi yayyafi.

Barau na fitowa yaransu suka ɗauka: Santsi! Santsi! Sai wani ƙato nasu, Lawal, mai wuya kamar na bajimi, ya hango ƙafar.

"Mi wannan? Takalmi wari guda? Ina ɗan'uwanai?"

Gambo ya ce yana gida yana jiran ƙafarka. Aka kira dattawa. Suka kwance takalmin suna miƙa wa juna, suna latsa ƙullin. Wani tsoho nasu ya ce tun da ba ƙarfe, ba abin da zai ji wa wani, a bar shi, ko da takalmi hwaɗuwa zai yi. Na ce a raina, da kun ga na farkon.

Zagaye uku ake yi. Na farko Barau ya sha, ba wanda ya ko kusance shi. Na biyu nasu ruwan ya sha, don Gambo ya saki ƙafa wurin dariya, sakarai. Saura na uku.

Aka tashi. Samarinmu suna ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, nasu ma haka, masu zamewa sun fi waɗanda aka ture yawa. Can sai na ga saura Barau da Lawal. Barau ya shigo inuwar kanya, daidai wurin bara. Ina ganin tsumman gwiwarsa. Lawal ya taho ta gefe da dukan nauyinsa, irin zuwan da Gambo ya yi ranar nan. Na so in rufe ido, idon ya ƙi.

Kafaɗar ta same shi. Ya juya. Ƙafar ta juya tare da shi, a kan yatsu, fir kamar mazari, sau ɗaya cif, hannunsa bai saki ƙafar baya ba. Lawal ya wuce bai sami abin dogara ba, tafin ƙafarsa ya kwashe, ya tafi da ciki har cikin taɓon bakin fadama. Abin da ya sami bantensa kuwa, duk wanda ke wurin ya gani.

Tsalle ɗaya. Biyu. Uku. Ya dafa turmi.

Wa ya fara ban sani ba, ina jin Sammani ne. "Santsi ya sha!" Sai duk yamma ta ɗauka, Santsi, Santsi, an ɗaga shi sama. Har 'yan Babban Duhu ina ji suna cewa wannan ba ya kamuwa, santsi gare shi kamar tarwaɗa. Ni na yi guɗa har muryata ta tsage, ɗankwalina ban san inda ya faɗi ba.

A hanyar gida ya rataya takalmin a wuya, yana tafiya ba ɗingishi. Na tambayi gwiwa, ya ce ko tari ba ta yi ba. Na ce, to amma sunan fa bai sauka ba, maigida. Wahalar banza na yi.

"Bar mini kayana. Da naki ne, yanzu nawa ne."

Turai ta yanka zakaran nan. Shaida ya tafi.

Alhamis, 21 ga Rabi'ul Awwal

Barau ya wasa lauje, jibi za a shiga dawa. Samari huɗu sun zo da awon sawunsu a kara, kowa na son wari ɗaya. Biyu daga Babban Duhu.

Na je rijiya. Kafin in sauke tulu an kewaye ni. Saude, a yi mana na Lawal! Asta ta sauke ƙwaryar nononta, ta gyara zama, kunne a buɗe.

Ina da shi kuwa. Tun ranar Talata sunan ya zo mini, gajere, mai daɗi a baki, wanda zai bi shi har jikokinsa. Jiya ma na gwada tafiyar cikin a ɗaki. Na kama bakin zane zan ɗaura.

Ranar langar akwai wata tsohuwa a gefen gabas da ta cire mayafinta ta bi Lawal da shi har cikin taɓo don ta rufe shi. Ban san me ya kawo mini ita ba.

Sai na ji bakina yana cewa, ku bar na Lawal, kun taɓa jin yadda na yi langa a bayan rumbu? Na yi musu duka, da dafa rumbun, da zane a ka, da zakara mai ido ɗaya. Na faɗi sau biyu. Matar liman sai da aka yi mata fifita. Asta ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanyar Babban Duhu har tana tuntuɓe, na san zuwa azahar ina da sabon suna.

Ba wani abu ba ne, nawa labarin ya fi daɗi ne kawai.

Sunan Lawal kuwa da na rubuta shi a nan, sai dai tawadar ta yi ƙasa.